Kakin Kofur da Layin Baƙuwa

Shekara goma sha tara Kofur ya yi a soja, ya fito da lambar yabo biyu, da gwiwar da ba ta lanƙwasawa, da kuma mata. Matar a sansanin 'yan gudun hijira ya gamu da ita, inda aka tura shi gadi. Yau shekararta ashirin da shida a unguwar, ta aurar da 'ya'ya uku, amma har yanzu Baƙuwa ake kiranta, tana kuma amsawa. Shi gyaran keken ɗinki yake yi. Sau ɗaya a shekara yakan rufe shago, su tafi ofis su bi layi a sabunta mata takardar zama.

Wata rana ɗan ƙaninsa, wanda ya tilasta wa dangi kiransa Darakta, ya zo ya ce zai yi fim ɗin soyayya a kan rayuwarsu. Ya kuma roƙi aron kaki, don na haya duk an ɗinka musu aljihu a inda soja bai taɓa samun aljihu ba. Kofur ya ciro nasa daga akwati, ya goge, ya miƙa. Sharaɗinsa ɗaya: a karanta masa labarin.

Aka karanta a shago. Ciyaman na jam'iyya mai mulki, wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin, shi ya zaɓi ƙarshen: ranar aure babban jami'i ya iso da murmushi, ya miƙa wa amarya takardar zama 'yar ƙasa.

Baƙuwa ta dubi mijinta. "Ashe tun ranar aka ba ni? Malam, ina ka ɓoye ta?"

"Baffa, fim ne," in ji Darakta. "Mutane na son su fita da farin ciki."

"Su fita da shi. Amma ba a cikin kakina ba."

Kofur ya karɓe kayansa ya mayar akwati. Labari ya kai kunnen 'yan adawa. Kwana biyu sai ga wakilinsu da nasa ƙarshen: tsohon soja na miƙa hannu a bakin titi, an kuma tasa ƙeyar matarsa zuwa iyaka. Kofur ya saurara har ƙarshe yana ɗiga wa wani keke mai, sannan ya tambaye shi wane titi ne ya taɓa ganinsa a kai. Wakilin ya ce misali ne. Kofur ya nuna masa ƙofa, ba da misali ba.

Darakta ya gwada kakin haya. Jarumin ya fito sak mai gadin banki, har jarumar ta kasa yi masa kuka don dariya. Darakta ya dawo shago ya durƙusa.

"Baffa, me kake so a nuna?"

"Abin da ya faru. Ban yi bara ba, ita ma ba a ba ta komai ba. Litinin takardarta ke ƙarewa. Ka zo da kyamara."

Haka fim ɗin ya ƙare: jarumi sanye da kakin Kofur, shi da jaruma da furfurar hoda, zaune a kan benci, tana riƙe da lamba saba'in da huɗu, shi ya miƙe ƙafa ɗaya yana yi mata fifita da fom. Minti huɗu ba wanda ya kira su.

Ciyaman ya sa aka cire sunansa, ya ce fim ɗin 'yan adawa ne. 'Yan adawa suka ce na gwamnati ne, tunda ba wanda ya mutu. Mata masu kallo kuwa suka yi ta cewa da mazajensu su koyi fifita.

Kofur ya karɓi kakinsa, ya ƙirga maɓallai, ya ninke. Da shekara ta zagayo suka koma ofis. Mutanen layi suka gane su, aka yi ta gaisuwa da ɗaukar hoto, ba wanda dai ya ba su wurinsa. Shi ma bai nema ba. Ya buɗe kujerar ninkewa da ya ƙera da ƙafar tsohon keken ɗinki, ya ce, "Zauna, Baƙuwa. Bana mu ne na sittin da tara."