Kawu Hamud, Wanda Ya Yanka Bango Don In Fita

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Jimada Ula, bayan an sallame La'asar, Mai abu Ya karɓi abinSa. Kawuna Hamud ɗan Barrak, wanda mutanen Ha'il suka fi sani da Abu Rakan mai walda, ya rasu a garejinsa, yana zaune a kan kujerar da ya saba zama, gahawar da aka zuba masa ba ta ma huce ba. Zuciyar nan ce da ta daɗe tana yi masa gargaɗi yana yi mata kunnen uwar shegu. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. An yi masa salla washegari bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa kusa da mahaifiyarsa.

Kawu, na san da kana raye da ba ka bar ni na rubuta wannan ba. Da ka ce, “Mish'al, ba ka da aikin yi ne?” Ba ka son yabo, kai ma kuma ba ka iya yabon mutum ba. Harshenka kaifi gare shi, kuma ba wanda ya tsira daga gare shi, har mahaifiyata Lulwa, ƙanwarka da kake ji da ita. Amma duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a rairayin Nafud ya san lambar wa ake kira. Za ka zo da igiya da shebur, ka yi ta yi wa mutum faɗa tun daga gaisuwa har ka fitar da shi, in ya sa hannu a aljihu ka ce, “Ajiye, ka je ka koyi tuƙi da su.”

Alherinka ga mutane yana da yawa, wasu za su faɗi nasu. Ni nawa zan faɗa, domin ba ƙarami ba ne.

Shekarun baya na yi haɗarin mota a hanyar Buraida. Na rayu, amma lakata ta taɓu, ƙafafuna suka daina jin kirana. Da aka sallame ni daga asibiti na koma gida a keken guragu, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Matata Munira ta yi lallashi har ta gaji. ’Yata Dalal, wadda a lokacin ba ta shiga makaranta ba, ta koma leƙo ni daga bakin ƙofa kamar baƙo. Da sanyi ya shigo dangi suka fara haɗa tantuna da itace za su fita Nafud kamar kullum, sai na ce su gaishe ta. Ni da na girma a kan tuddan nan, ba zan je a riƙa ɗaukata kamar buhun sha'ir ba, in zan kama ruwa sai an tara mini maza. Sanyi biyu suka wuce haka. Malamai sun zo sun yi mini nasiha, abokai sun zo sun yi ta dariyar dole. Kai ba ka ce mini komai ba, har na ɗauka ka fita batuna.

Wata safiya ka turo ƙofa ba tare da ka jira izini ba, tef ɗin awo a hannunka. Ka durƙusa ka fara auna faɗin kekena, ka auna tsawonsa, ka auna daga ƙasa zuwa kaina.

Na ce, “Kawu, me kake aunawa?”

Ka ce, “Likkafaninka. Tunda ka riga ka binne kanka, ai gara a yi maka sutura.”

Munira na tsaye a bayanka, ta dafe baki. Ni kuwa na ji wani fushi ya taso mini, irin wanda na manta ina da shi. Kafin in sami abin faɗa ka jefo mini wayarka a cinya. Ka ce kana neman karafan, ɗakin tafi-da-gidanka, amma idonka ba ya ganin ƙananan rubutu, yawancin tallan kuma da Turanci suke. Ka ce, “Ƙafa ce ta mutu, ba ido ba. Nemo mini.”

Abin da kake nema ba mai sauƙin samu ba ne. Kana son irin mai dogon wuyan nan, wanda gabansa ke hawa bayan a-kori-kura ya zauna a kan faifan ƙarfe, kamar yadda tirela ke zama a kan kanta, domin shi ne ba ya rawa a hanya. Amma irinsu da ake kawowa daga ƙetare manya ne, kowane kamar gidan sama. Tsohuwar motarka ba za ta ja su ba, ko ta ja, rairayi zai haɗiye su tun a bakin hanya. Kai ƙarami kake so, gajere, wanda bai yi nisa da ƙasa ba, mai ƙaƙƙarfan shasi, kuma kada banɗaki ko kicin su kasance a bayansa. Na tambaye ka dalili. Ka ce za ka yanke bangon bayan gaba ɗaya, ka mai da shi ƙofa mai sauka ƙasa, yadda babur mai ƙafa huɗu zai hau ya sauka. Ba ka ambaci kekena ba, ni ma ban ambata ba, amma dukanmu mun san awon da ke aljihunka.

Na fara neman ne don ka ƙyale ni. Duk wanda na nuna maka sai ka kushe shi. Wannan ya yi tsawo, wancan ruwa ya ci katakonsa, wancan kuma mai shi ya ɗauki hoton ne ta gefen da ba tsatsa. Rannan ka ce hoto maƙaryaci ne, dole a je a gani da ido, kuma ba za ka tafi kai kaɗai ba don barci na ɗaukarka a tuƙi. Haka ka fitar da ni daga gida. Mun je Buraida, ta hanyar da na rantse ba zan ƙara bi ba, ka yi ta ba ni labarin wani raƙumi da ya taɓa cizon kakanmu har muka wuce wurin ban lura ba. Mun je Riyad, mun je Dammam. Ka kwanta a ƙarƙashin karafan ba adadi da tocila a baki, kana ƙwanƙwasa ƙarfe, ka fito ka karkaɗe riga ka ce wa mai shi, “Allah Ya kawo kasuwa.” Sai daga baya ɗanka Rakan ya shaida mini cewa ka iya neman kayan gyara a waya fiye da shi, idonka kuma ƙalau yake.

A wata gona kusa da Sakaka muka same shi, bayan wani direba ya ba ka labari. Yana ajiye ƙarƙashin itatuwan zaitun, tayoyinsa sun sace, tantabaru sun mai da shi gida. Rufin ya ruɓe, amma da ka fito daga ƙarƙashinsa na ga fuskarka, na san an zo wurin. Mai shi wani dattijo ne, Abu Nayif. Ya shimfiɗa mana darduma, ya kawo gahawa da dabino, ya saurare ka har ka gama, sannan ya ce, “Ba na sayarwa ba ne, Abu Rakan. A cikinsa ni da marigayiya matata muka zaga ƙasar nan. Ina son in buɗe ido in gan shi.”

Na zaci za ka nuna ni ka roƙe shi da nakasata. Ba ka yi ba. Ka ce, “Allah Ya jiƙanta, kana da gaskiya.” Sai ka karkata kunne ka ce injin rijiyarsa na kukan da bai kamata ba. Ka tuɓe riga ka yini a kansa har ya daidaita. Da za mu tafi ka juya mini baya kamar yadda ka saba, na rataye a wuyanka, ka ɗaga ni ka sa a gaban mota, kana haki, kana cewa in rage cin shinkafa. Dattijon na tsaye yana kallonmu. Har ka tayar da mota ya ƙwanƙwasa gilashi.

Ya ce, “Na yaron nan ne?”

Ka ce, “Na babur ne.”

Ya ce, “Ku zo ku ja shi. Da tana nan da tuni ta ba ku, ta kuma zage ni.”

Aikin ya ci rani guda. Ka cire rufin ka yi sabo, ka faɗaɗa banɗaki ka sa masa ƙarafan riƙewa, ka sauke gado daidai tsayin kekena. Ka sa ni zama a garejin kullum, wai ba ka da mai riƙe maka ƙarfe. A nan na fara riƙe kan walda, kana tsaye a kaina kana cewa ɗinkina kamar kashin kaji. Ranar da za a yanke bangon baya ka miƙo mini injin yanka ka ce, “Kai za ka fara.” Na yanka, haske ya shigo ta tsagar.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Da muka ɗora babur a baya muka hau titi, nauyi ya rinjaya can, karafan ya fara wutsiya, ya kusa jefa mu rami. Ka tsaya a gefen hanya ka daɗe riƙe da sitiyari. Na ce, “Kawu, a bar shi haka, ka yi iya yinka.” Ka dube ni ka ce, “Kuskurena ne, ba nasa ba.” Ka koma ka matsar da ƙarfen tayoyin baya, ka dawo da tankin ruwa gaba. A kwanakin ne likita ya hana ka aikin ƙarfi. Inna Hissa, matarka, ta zo garejin da kanta ta yi maka magana a gabana. Ka ce, “Ummu Rakan, in na zauna zan mutu, in na yi aiki zan mutu. Bari in mutu da abin nunawa.” Ta share hawaye ta ajiye mana abinci ta tafi.

Da sanyi ya shigo muka fita Nafud, dangi duka. Da hantsi ka sauke ƙofar ta kwanta a kan rairayi. Na matsa daga keke zuwa babur da hannuwana, a cikin ɗaki, ba idon kowa, na ɗaure ɗamarar da ka ɗinka mini, na sauko. Mahaifiyata ta tare gabana tana kuka, tana cewa a haɗa ni da wani. Ka janye ta ka ce, “Lulwa, bar shi. In ya faɗi mu ɗauko shi, ai mun saba.”

Na hau tudun da ya fi kusa, na gangara, na hau na gaba, har tantunan suka ɓace mini. Na kashe injin. Babu kowa sai ni da iska da jan rairayi iya ganina. A nan na yi kukan da ban yi ba tun daga asibiti, na kuma gode wa Allah da bakina, abin da na daɗe ban yi da zuciya ɗaya ba. Da na dawo Dalal ta rugo ta ce, “Baba, ɗauke ni!” Na ɗora ta a gabana. Kai kuwa kana tsugune wajen wuta kana juya gahawa, ko ɗago kai ba ka yi ba, sai cewa ka yi na cika ba injin wuta. Amma Munira ta ce tun da na ɓace kake tsaye a kan motarka, hannu a goshi, ba ka sauko ba sai da ka hango ƙurata.

Bayan nan na koma aiki, na koma masallaci, aka haifa mana ɗa namiji. Karafan kuwa bai zauna ba. Duk wanda ka ji yana da mai keken guragu a gida sai ka aika masa, ka ja masa shi har inda yake so. Ranar jana'izarka na ga fuskokin da ban sani ba. Wani ya zo daga Tabuk, ya kama hannuna ya ce, “Ya fitar da ni da iyalina daga rairayi bayan ruwanmu ya ƙare. Sai yau na san cikakken sunansa.”

Jiya ni da Rakan muka buɗe garejin. Akwai wani ƙaramin karafan a ciki wanda ka fara wa wani saurayi daga Jubba da ya faɗo daga kan gini. Ka ja layin alli a bangon baya, ba ka kai ga yankawa ba. Rakan ya tsaya yana kallon layin. Na kira mahaifin yaron na ce masa kada su cire rai, kafin sanyi ya fita za mu kawo. Ɗinkina bai kai naka ba, Kawu, amma zai riƙe.

Ya Allah, ga bawanKa Hamud ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kaifin harshensa, Ka duba taushin zuciyarsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa kowane nauyi da ya ɗauka saboda wani ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sada shi da iyayensa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hissa, wadda ta yi haƙuri da shi kuma ta fi kowa sanin ko wane ne shi, da Rakan da ƙannensa, da mahaifiyata Lulwa da ta rasa yaya kuma uba, da dukan zuriyar Barrak, da maƙwabtansa masu sana'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa kada a yi mana gorinsa a bayansa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma same mu da aikin alheri a hannu kamar yadda ta same shi.

Ɗan ƙanwarka,
Mish'al