Hancin Aro

Baba Direba yaran da yake kaiwa makaranta suke ce masa, iyayensu suka ɗauka, har sunan ya bi shi gidansa. Motarsa ƙaramar bas ce fara, ko dai a ce ta taɓa zama fara, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar direba, mutum yana tuƙi yana zaune a kan wuta kamar tukunya a murhu. Hannun ƙofar baya na ciki shi ya cire shi da kansa don kada wani ɗan rigima ya buɗe ana tafiya, sai daga waje ake buɗe ta. Iyaye suna yaba masa a kan wannan, suna cewa tsohon nan akwai lura.

Tun yana saurayi sitiyari ne abincinsa. Ya ja babbar mota, ya ja tasi, da gwiwa ta fara ƙara sai ya koma jigilar yara, aikin da ba ya raba mutum da gadonsa. A zamaninsa kuwa hancinsa abin kwatance ne a tasha. Ƙaurin kuloci daban yake jin sa, na birki daban, na wayar da ta fara narkewa daban. Mota za ta wuce shi ya ɗaga kai ya ce wa mai ita ya duba tayar baya, a duba a tarar birki ya kama. Yana da alfahari da abin, kuma gaskiya ya ɗan cika baki a kai.

Sai wata mura ta zo, irin wadda kowa ke yi ya warke. Shi ma ya warke, amma da za ta tafi ta haɗa da hancinsa. Bai ma lura ba sai ranar da matarsa ta ɗora tukunya ta leƙa maƙwabta, ta dawo da gudu ta tarar da hayaƙi ya cika tsakar gida, shi kuma yana kwance a ɗaki yana sauraron rediyo hankali kwance.

"Malam, ba ka ji ba?"

"Me?"

Ta dube shi, ya dube ta. Ta je ta ɗauko kwalbar turarenta ta kai masa hanci, ya shaƙa har ya yi tari, bai ji komai ba. Ranar bai ci abinci ba.

Wani zai ce to mene ne, ai hanci ba shi ke tuƙi ba. Wanda ya faɗi haka bai san irin wannan bas ɗin ba. Duk mai ita ya san ciwonta: akwai wani tiyon fetur da ya bi ta saman inji, zafi yana gasa shi kullum har ya tsage. Masu irinta sun yi ƙorafi har sun gaji. Wata ta kama da wuta a bakin kasuwa, direban ya fito da wando yana ci, kafin a kawo ruwa ta zama ƙwarangwal. Baba Direba ya canja nasa tiyon ba sau ɗaya ba, amma na kasuwar yanzu ba su da rai. Bakanikensa ma ya gaya masa gaskiya, bai san wa yake gaya wa ba.

"Baba, irin wannan yoyon ba ya ɗiga ƙasa balle ka gani. Sai inji ya yi zafi yake fesowa siriri, ya bushe nan take. Hanci ne kawai ke kama shi. Kai kam ai ba ka da matsala."

Ya yi dariya tare da shi, dariyar yaƙe.

Haka matarsa ta zama hancinsa. Kullum da safe zai tada mota ya bar ta ta ɗumama, ya ɗaga kujera, ita kuma ta fito da tsintsiya kamar shara ta kawo ta. Ta share ƙarƙashin kujerun yara, ta tsince ɓawon gyaɗa da guntun fensir, sannan ta sunkuya kan injin ta ja numfashi. Yawanci ta ce, "Lafiya lau, Allah ya tsare." Wani lokaci ta ɗan tsaya ta ce, "Malam, yau da ɗan wari ta nan hagu," ya kashe mota, a tarar da gaskiyarta. Matan layi suna tsokanarta, wai tsufa ya zo amma soyayya ba ta tsufa ba, har motar miji ake sharewa. Ita kuma in sun keɓe ta ce masa, "Ka dai riƙa lallaɓa ni. Aro na ba ka, ba kyauta ba." Shekaru suka yi a haka, daga shi sai ita sai Allah.

Ana nan sai aka yi wa 'yarsu tiyata a wani gari mai nisa, haihuwa ta zo da gardama. Babu uwar da za ta zauna. Tana haɗa kaya tana kallonsa.

"Ka gaya wa bakanike mana, ya riƙa duba maka."

"Bakin wannan ai rediyo ne. Kafin azahar duk iyayen yaran sun ji."

"To ka ajiye motar har in dawo."

"Ana jarrabawa? Kin san samarin nan masu sababbin motoci jira suke in yi tari su kwashe yaran. In na ajiye, na ajiye ke nan."

Ta san gaskiya ne. Wannan motar ce tukunyarsu, ita ce maganin hawan jininta, kuma ba shi da wata sana'a da ya iya. Gaba kura, baya sayaki. Ta shaƙa masa injin karo na ƙarshe da jakarta a hannu, ta ce lafiya lau, ta tafi.

Kwanakin da suka biyo baya bai san yadda ya yi su ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ko zai ga ɗigo, alhali ya san ba za a gani ba. Ya bi tiyon da yatsa har inji ya ƙona shi, ya kai yatsan baki ya lasa, harshen ma ya zama rabin harshe. Ya buɗe duk tagogi, yara suna kukan sanyi, ya ce iska lafiya ce. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya daina kallon titi yadda ya kamata, idonsa na kan madubi yana karanta fuskokin yara, ko wani zai yamutsa hanci. Wata safiya har ya kira matarsa ya kara wayar a kan injin kamar wani taɓaɓɓe. Ya ji muryarta can ƙasa tana cewa, "Malam, waya ba ta kawo wari." Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo mata.

Ranar da abin ya faru suna cikin cunkoso a babban titi, mota cike, rana ta fara zafi. Ya duba madubi ya ga 'yar mai kemis, wata 'yar firit mai kitso biyu, ta toshe hanci. Na kusa da ita ma ya toshe. Kafin ya haɗiye yawu duk layin baya sun ja riga sun rufe fuska.

"Mene ne? Me ya faru?"

"Baba Direba, wari!"

"Warin me?"

"Wari kawai!"

Yaro bai san ƙarni daban, ɗoyi daban, warin fetur daban ba. A wurinsa duk wari ne. Baba Direba ya ji kujerar da yake zaune a kai ta yi zafi fiye da kullum, ko kuwa zuciyarsa ce ta gaya masa, oho. Ya murɗe makulli a tsakiyar titi, ya dira, ya zaga da gudu yana ihu, "Wuta! Jama'a, wuta! Ku taimaka, yara ne!" Ya fizgi ƙofar baya da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ta goce daga kan hanyarta ta cije, ba ta buɗe ba, ba ta rufe ba. Yara suka ruɗe da kuka suna dukan gilashi, ga ƙofa babu hannu a ciki, aikin hannunsa. Ya fara zaro su ta taga ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa duk wanda ya gani, masu talla da masu babur, yana salati, rawaninsa ya faɗi ƙasa. Da ya zo kan 'yar mai kemis hannunta ya maƙale a jikin ƙarfen taga, ya ja, ta ƙwalla ƙara.

Aka kwashe yara can nesa. Aka tsaya ana jiran wuta. Wuta ba ta zo ba. Wani mai babur ya matsa a hankali ya leƙa kansa ciki, ya fito yana tofar da yawu yana dariya, riƙe da wata jakar makaranta. Dafaffen ƙwai ne wani yaro ya manta a aljihunta tun wancan makon, yau aka zauna a kai ya fashe.

Titi ya ɗauki dariya. Baba Direba bai ji ta ba, yana durƙushe gaban yarinyar yana kallon hannunta da ya fara kumbura.

A ofishin shugabar makaranta aka tara su. Mai kemis ya zo daga asibiti, an ɗaure wa 'yarsa hannu, targaɗe ne. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa tambayarsa ta fi zagi ciwo.

"Baba, ni ban zo faɗa ba. Na san tsoro ne ya sa. Abu ɗaya nake so in gane. Ruɓaɓɓen ƙwai da fetur, ko jariri ya san ba ɗaya ba ne. Kai da kake cikin motar, me ka ji?"

Ƙarya tana nan a bakinsa, a shirye: mura nake yi, iska ce ta ɗauke. Ya dubi iyayen da suka cika ɗakin, mutanen da ke miƙo masa 'ya'yansu kullum da safe ba tare da sun waiwaya ba. Ya gaji. Wallahi ya gaji.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Ba na jin wari. Na daɗe."

Wata uwa ta dafe ƙirji. Mai kemis ya ce a hankali, "A irin wannan motar, Baba?" Babu wanda ya zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka kama hannun 'ya'yansu suka fita.

Washegari ya tashi kamar kullum, don bai san abin da mutum ke yi da safiya ba in ba wannan ba. Ya gyara ƙofar da guduma, ya bi layukan da ya saba bi. Ƙofar farko ya yi hon, ba a buɗe ba. Ta biyu, mai gadi ya ɗaga masa hannu daga nesa, alamar wuce. Gidan mai kemis bai ma tsaya ba. Yana tafe motar na ƙara kamar gwangwani, bai taɓa sanin kujerun nan suna da surutu haka ba sai da babu kowa a kansu.

A ƙarshen hanya akwai wata tela, mijinta ya rasu, tagwayenta yake ɗauka. Ita ya tarar a bakin ƙofa da yaran, an yi musu wanka, jakunkuna a baya. Idonta ya nuna ba ta yi barci ba.

"Baba, ni ba ni da yadda zan yi," ta ce. "Ba ni da mai kai su, ga ɗinkin mutane. Amma ka yi haƙuri, ka ɗaga kujerar in ji da kaina."

Ya sauka ya ɗaga, injin na aiki. Ya koma gefe ya tsaya da hannu a baya, dattijo da furfura, yana jiran sa'ar 'yar cikinsa ta yanke masa hukunci. Kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan fata: in ta ce lafiya lau, yana da yara biyu, kuma daga biyu ake farawa.

Ta gyara mayafi ta sunkuya. Ba ta ma kai ga jan numfashi na biyu ba ta ɗago da sauri, ta sa hannu ta tura tagwayen bayanta.

"Kashe motar, Baba. Kashe ta yanzu!"

Ya kashe. Ya leƙa inda take nunawa. A gindin tiyon, inda yatsansa bai taɓa kaiwa ba, wani ɗan danshi yana ƙyalli, yana bushewa a gaban idonsa.

"Fetur ne, har cikin kaina," ta ce. "Tun yaushe yake haka? Jiya ma a kansa ka ɗauko su?"

Baba Direba ya dubi yaran biyu da ke leƙo shi ta bayan zanen uwarsu.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Wallahi ban sani ba."