Lambar Keken Baba Tela

"Wannan ƙugun waye, ɗari tara da casa'in da bakwai?"

"Ke, ba awo ba ne. Lissafin Baba ne."

Masu kawo ɗinki ne biyu ke wannan magana a bakin shago, suna kallon bango. Baba Tela kuwa ko ɗagowa bai yi ba.

Shekara talatin da huɗu yana taka keken ɗinki ɗaya, amma sai bana, garin zuba mata mai, ya lura da lambar da aka buga a gindinta: 1,022,117. Shi kuwa tun yana firamare yake raba lambobi gida-gida kamar mutane. Akwai masu sauƙin kai, da biyu ma sun rabu. Akwai masu jan aji, sai an lallaba. Sai kuma waɗanda yake kira gagararru, ba mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ya rantse lambar kekensa gagararriya ce.

Ya ɗauki allin yanka ya hau bango, yana raba lambar da ƙananan gagararru ɗaya bayan ɗaya. Uku, akwai saura. Bakwai, akwai saura. 'Yarsa ta ce wayarta za ta gama wannan kafin ya yi atishawa.

"Wayar taki ta taɓa ɗinka aljihu?" in ji shi.

Wata biyu, rabawa ɗari da sittin da takwas, duk da saura. Kowace ta ƙi, sai ya buga ƙafa ya yi wa keke kirari. A lissafinsa, in ba ta rabu ba kafin dubu da sha ɗaya, ba za ta taɓa rabuwa ba. Saura gwaji ɗaya tak: 1,009.

Ran nan ne mai gidan da yake hayar shago ya turo mai fenti. Kafin Baba ya gama kalmasa wata riga, rabin bango ya zama shuɗi.

"Kai, ɗan nan! Ka shafe min har ɗari biyar da uku!"

"Baba, ni bango aka ce. Ba a ce da ɗari biyar a ciki ba."

"Minti biyar!"

"Fenti ba ya jira, zai bushe da layi."

Baba ya haye kujera, alli a hannu, burushi na biyo shi ta hagu. Matarsa, da ta kawo abinci, ta riƙe kujerar tana cewa, "Malam, in ka faɗo, ni ba lissafi zan yi ba, ihu zan yi."

"Ɗaya, saura sha uku. Sifiri. Ɗaya, saura ɗari uku da biyu. Uku..." Ya sake dubawa. "Babu saura."

Ta rabu. 1,009 sau 1,013.

Matar ta buɗe baki za ta yi jaje, sai ga Baba yana dariya har kujera na rawa.

"Dubi! Su biyun duk gagararru ne, kuma maƙwabta, ba wata a tsakaninsu! Ashe 'yar manyan gida ce! Sai da ta kai ni ƙofar ƙarshe, 'yar banza, sannan ta buɗe!"

Mai fenti ya tsaya da burushi yana ɗiga a takalminsa. Ya zagaye layin nan da shuɗi a hankali, ya bar shi fari kamar taga. Sannan ya goge hannu a wando, ya zaro katin shaidarsa.

"Baba, don Allah duba min tawa lambar. In mai sauƙin kai ce, kar ka faɗa a gaban Mama."