Mama Kawo-Littafi da Kwas Ɗin da Ya Tsaya a Mako na Biyar

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofishin, tun mai shara bai gama da baranda ba. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen ginin magatakardar jami'a, bayan matakala, wanda in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka sito ne. Tebur ɗaya, kujeru uku, ɗayarsu ƙafarta na rawa, sai kabad biyu na ƙarfe da wata fanka mai kuka da kowa ya gaji da kai ƙararta. Tana shiga za ta rataye jaka a ƙusar bayan ƙofa, ta goge gilashi da gefen mayafi, ta fiddo doguwar rula da fensir biyu, baƙi da ja. Shekara talatin da ɗaya tana haka, kuma Juma'ar da ta wuce ta yi na ƙarshe.

Aikin nata ba shi da wuyar faɗa. Mutum ya fara karatu a wata jami'a, sai rayuwa ta ɗauko shi ta dire a wannan: aure ne, canjin wurin aiki ne, ciwo ne. Sai ya zo yana roƙon a karɓi kwasa-kwasan da ya riga ya ci a can, kada a mai da shi aji ɗaya. Kwamitin malamai ke yanke hukunci, sau ɗaya tak a zango. Amma kafin takarda ta kai gabansu, dole wani ya zauna ya gwada kwas ɗin can da na nan, ya ga ko abu guda aka koyar. To, ita ce wannan wanin, kuma sunanta ba ya fitowa a digirin kowa.

Ɗalibai na kiranta Mama Kawo-Littafi, ita ta jawo wa kanta. A cewarta, takardar sakamako tana gaya maka mutum ya haye, amma ba ta gaya maka abin da aka koya masa. Wata makarantar takan aiko da manhajarta, wata lambobi kawai, wata kuwa ka rubuta mata wasiƙa biyar ta yi biris da kai. A ofisoshi da yawa nan ake rubuta "babu hujja" a rufe fayil, kowa ya shafa wa kansa lafiya. Ita sai ta leƙo ta saman gilashi ta ce, "Ina littafin da ka rubuta lacca a ciki? Je ka kawo." In ya zo ta shimfiɗa shi kusa da manhajar sashe, ta ɗora rula, ta bi shi mako-mako. Abin da ya dace ta sa masa baƙi a takardarta, abin da babu ta sa ja. A littafin ɗalibi kuwa ba ta taɓa ɗiga ko ɗigo ba, don ta ce ba nata ba ne.

Labarinta da yawa, amma ɗaya zan tsaya a kai, wanda tsohon masinjan ginin ya gani da idonsa.

Shekara shida da suka wuce wani malamin firamare ya shigo ofishin, da ƙurar alli a hannun rigarsa. Aji biyu yake koyarwa, yana da mata da 'ya'ya uku. An fito musu da doka a wurin aiki: duk malamin da bai kawo digiri cikin shekara biyu ba, ya ajiye alli. Shi kuwa ya taɓa yin shekara biyu a wata jami'a, ya bari da mahaifinsa ya rasu, yau shekara tara ke nan. Idan aka karɓi abin da ya yi a can, zango huɗu ya rage masa, daidai wa'adin. Idan aka ƙi, shekara huɗu ce a gabansa, aikin ya tafi. Tsohuwar makarantar ta aiko da sakamako, lambobi goma sha ɗaya da maki. Manhajar wancan lokacin kuwa, sun ce an haɗe sashen da wani, takardun sun ɓace a ƙaura. Ga shi kwamiti zai zauna Alhamis ta sama.

"Malam, ina littattafanka na aji?" in ji Mama.

"Mama, shekara tara fa."

"Ban tambaye ka shekarunsu ba. Ina suke?"

Ya sosa ƙeya. "Wataƙila suna gidan Yayata, in ba ta hura wuta da su ba."

"To, je ka gaishe ta."

Yayar ba ta hura wuta da su ba. Goma na ƙasan akwati tare da barguna, na sha ɗayan kuma ta tokare ƙafar keken ɗinkinta da shi. Tana zaro shi tana yi masa tsiya. "Ni ban zubar da abin da ka sha wahalarsa ba, kai ne ka zubar. Ungo, tsohon ɗalibi, Allah ya sa su gane rubutun."

Da ƙyar kuwa aka gane. Kwana huɗu Mama na kansu, tana mita. Da ya leƙo ranar Litinin ta ce masa, "Da wannan hannun kake koya wa yara rubutu? Allah sarki yaran." Ya yi dariya, don ya ga baƙin fensir ya cika takardarta. Littafi goma, kwas goma, duk sun zauna daram a kan manhajar nan.

Washegari ta buɗe na sha ɗaya, wanda ya sha nauyin keke. Kwas ɗin koya wa yara karatu ne, na dole ga duk ɗan sashen. Mako na ɗaya, na biyu, har na biyar, komai tsaf. Tana juya shafi sai lacca ta ɗauke. Abin da ya biyo baya sunayen magunguna ne da lokutansu, safe, rana, yamma. Ga lambar gado, ga abin da likita ya ce, ga "ya sha ruwa kaɗan", ga "yau bai gane ni ba". Shafi bakwai haka, daga nan sai farar takarda har bango. Takardar sakamako kuma ta ce ya ci, da mafi ƙarancin makin da ake hayewa da shi.

Masinja ya ce ya kawo mata shayi, ya dawo ɗaukar kofin ya tarar ko kurɓa ba ta yi ba. Tausayin mutumin ya kama ta ƙwarai. Ta kuma san abin da jan fensir zai jawo: zango huɗun da suka rage masa a cike suke maƙil, kwas ɗaya in ya ƙaru zai iya tura shi zango na biyar, bayan wa'adi. Ta aika a kira shi.

Yana ganin littafin a buɗe ya jawo kujera ya zauna. "Lokacin ne aka kwantar da Baba. Littafin ne a hannuna, shi ya sa na rubuta a ciki. Na dawo saura kwana huɗu jarrabawa, na ari na wani na haddace, na tsallake da ƙyar." Ya matso da kujera, ya rage murya. "Mama, ki cire shi kawai. Ki ce goma na samo. Takarda ta ce na ci, wa zai tambaya?"

"Ni zan sa hannu cewa ka zauna mako goma sha huɗu. Ka zauna?"

"Shekara tara ina koya wa yara karatu, Mama. Me za a gaya mini a aji?"

"Wannan ban sani ba. Abin da aka tambaye ni shi ne ko an riga an gaya maka. Ba a gaya maka ba, Malam."

"Ashe da hannuna na kawo miki wuƙar," in ji shi, ya tashi ya fita ko sallama babu.

Mama, ke ce kika zauna a ɗakin nan da littafin marayan mutum a gabanki, kina iya jefa shi a durowa, ba wanda zai taɓa sani. Ke ce kuma ba ki tsaya a "ba zan yi ƙarya ba" kin naɗe hannu ba, kamar yadda da yawanmu kan yi mu tafi gida muna jin mu na kirki ne. Ranar Laraba masinja ya gan ki kina hawa bene kina sauka da wannan gwiwar taki mai ciwo, daga sashe zuwa sashe, kina kwafe jadawalin lacca daga allunan sanarwa.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Shugabansa wani sabon farfesa ne da bai taɓa yarda da wannan hanya tata ba. Tun kafin ta gama jera littattafan ya sha mur.

"Malama, littafin ɗalibi ba hujja ba ne. Wanda aikinsa ke rawa zai iya zama mako guda ya cika littafi ashirin."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. To, a fara da wannan. Wannan kwas ɗin ina roƙon kada a ba malamin."

Ta tura masa na sha ɗaya. Ya buɗe da yatsa biyu, ya wuce mako na biyar, ya shiga shafukan magani. Nan ya rage sauri. Ya karanta su duka bakwai, ɗakin tsit, sannan ya ɗago.

"Ke da kanki kika kawo wannan?"

"Tare suka zo, ranka ya daɗe."

Farfesa ya ajiye littafin gefe. Ya jawo sauran goman, ya raba wa malamai, aka bi su da takardarta shafi-shafi har aka wuce lokacin cin abinci. Aka ba malamin firamaren goma, aka hana ɗaya. Kafin farfesa ya rufe biro, ta zaro wata takardar. Ta gano ana koyar da wannan kwas ɗin ga 'yan karatun ƙarshen mako, Asabar da safe, kuma doka ta yarda ɗalibi ya ƙara kwas ɗaya a kan ƙa'ida in shugaba ya sa hannu.

"Tunda biron na hannunka, ranka ya daɗe."

Farfesa ya girgiza kai yana murmushi, ya sa hannu.

Kada a ɗauka malamin ya zo godiya. Ina! Zango guda cur yana bi ta ɗaya matakalar don kada su haɗu. Asabar ita ce ranar hutunsa ɗaya tilo, ita ma an ƙwace, kuma a ganinsa an tona masa ciwo a gaban baƙi. Abin ya yi wa Mama zafi, ta kuma faɗa wa masinja haka, ba ta ɓoye ba. Amma duk ƙarshen zango sai ta je allon sakamako ta nemi lambarsa. Ya gama saura mako biyar wa'adi ya cika, allinsa bai bar hannunsa ba. Suka koma gaisawa sama-sama, maganar littafi kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Ranar Juma'ar nan aka yi mata ɗan taron sallama a ɗakin kwamiti, da lemo da jawabai. Mataimakin magatakarda ya ce ta yi shekara ashirin da ɗaya, ta gyara masa daga inda take zaune. Ana shirin tashi sai ga malamin, daga aji ya taho, da allinsa a hannun riga kamar ranar farko. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata wani abu a leda.

Littafin nan ne, da shatin ƙafar keke a bangonsa. Ta buɗe. Mako biyar na tsohuwar tawada da ta koɗe, shafi bakwai na maganin Baba, ba a yage ko ɗaya ba. A shafi na gaba, da sabuwar tawada, an rubuta "Mako na shida".

"Ban sayi wani ba, Mama. A nan na ci gaba," in ji shi. "A mako na tara na gane abin da nake yi. Shekara tara ina tafa wa yaran da suka haddace shafi, ina zaton karatu suke. In na rufe hoton na nuna kalma ɗaya, sai su yi tsuru-tsuru. Yanzu ba mai fita ajina a haka." Ya nuna littafin. "Kin tambaye ni ko na zauna. Na zauna, Mama. Naki ne."

Ta gyara gilashi, ta sa yatsa, ta bi shi a gaban kowa, na shida, na bakwai, har na sha huɗu, mutane na tsaye da kwalaben lemo suna jira. Da ta kai ƙarshe ta laluba jaka ta fiddo baƙin fensir. Ta ja alamar daidai a ƙasan shafin. Shi ne karo na farko da ta sa fensir a littafin ɗalibi.

"Rubutun dai har yanzu sai addu'a," in ji ta.

Mun gode, Mama, mai rula da fensir biyu. Mun gode a madadin waɗanda kika cece wa shekarunsu, da waɗanda kika hana abin da ba nasu ba suka yi fushi, da yaran aji biyu da ba su san da ke ba amma suna karatu saboda ke. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma da ke zaune bayan tebura irin nata, a kowane gini kuke, ta bar rular a kan tebur, ba ta tafi da ita ba. Gobe wani zai shigo da shekara biyu na rayuwarsa a cikin fayil, tambari bai cika ba. Kafin ku rubuta "babu hujja", ku ɗago ku dube shi, ku tambaye shi ina littafinsa. In ya kawo, ku karanta har shafin da ba ku so gani ba.