Sunayen da Malam Haliru Ya Rubuta da Biro

Shekara goma ke nan da rasuwar Malam Haliru, hedimastan firamaren garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Bakura da Maradun. Ba zan faɗi sunan garin ba, don yanzu babu kowa a cikinsa. Ni ne mataimakinsa, ni ne kuma na gaje shi a kujera. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama sai in ɗauki takarda da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Dalilin kuwa shi ne babu yadda zan yaba masa ba tare da na tona wa kaina asiri ba. Bana na ga girma ya kama ni, gara in faɗa da bakina.

Gajeren mutum ne, mai taurin kan tsiya, ga rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Nakan tsokane shi in ce da a hannun malaman zaure ya tashi da ya sha bulala har ya gode Allah. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu, ina kuma alfahari da shi, shi ya sa tun kafin a turo shi garinmu ni nake riƙe da rajistar makaranta.

Akwai wata al'ada da na tarar, na kuma ci gaba da ita ban taɓa tambayar dalili ba. 'Ya'yan gari ana rubuta sunayensu da biro a shafukan farko. 'Ya'yan Fulanin rugar da ke bayan fadama kuwa, in an samu waɗanda iyayensu suka kawo, sai a rubuta su da fensir a shafin ƙarshe. Hujjar ita ce da rani ya kama za su bi shanu kudu, sai a sa abin gogewa a share, rajista ta zauna tsaf in mai duba makarantu ya zo. In sun dawo da damina, a sake rubuta su a aji ɗaya kamar ba a taɓa ganinsu ba. Akwai yaron da na rubuta a aji ɗaya sau uku, a na huɗun bai dawo ba. Ban ɗauki wannan zalunci ba, a ganina tsabtar aiki ce.

Ranar da Malam Haliru ya fara duba rajistar, ya daɗe a shafin ƙarshe. Sai ya ɗago ya ce, "Malam Bello, waɗanga ɗiyan aro na munka amso?" Na yi masa bayanin rani da damina. Ya ce, "Makarantag gwamnati ta, ba gonar ubana ko ta ubanka ba. Wanda yat tahi kiwo shina dawowa, wurinai shi jira shi." Ya karɓe littafin daga hannuna, ya zauna da mummunan rubutun nan nasa ya jera kowa da biro, ɗan gari da ɗan ruga a haɗe, bisa harafin farko na suna. Na ji haushi ƙwarai, kuma in faɗi gaskiya, ɓata mini rajista da ya yi ya fi ci mini rai.

Bai tsaya nan ba. Yakan hau tsohon babur ɗinsa ya je ruga ya zauna da ardo, ya sha fura, ya roƙa a bar masa yara ko da rabinsu ne in za a tashi. Waɗanda suka tafi, in sun dawo ya ware musu la'asar ya maimaita musu abin da ya wuce su. Mutanen gari suka yi ta gunaguni, wai ya mayar da makaranta mashekarin shanu, shi kuwa ko a jikinsa. A haka wata yarinya mai suna Hajo ta zama ta farko daga rugar da ta gama aji shida. Ranar da ta karanta takarda a gaban iyaye, ardo ya rufe fuska da rawani don kada a ga idonsa.

Sai zamani ya juya. Aka fara kore shanu, na gari da na ruga duka. Aka fara tare hanya. Wata ranar kasuwa 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, cikin waɗanda aka kashe har da samarin garinmu. Bayan kwana bakwai dattawa suka zo ofishin Malam Haliru. Suka ce a sallami 'ya'yan ruga, don su ne ke kai labarin gari cikin daji, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ba mugayen mutane ba ne, na rantse. Ɗaya daga cikinsu ɗansa na fari ya binne a makon. Malam Haliru ya yi musu ta'aziyya har ya yi hawaye, sannan ya ce, "Ku kawo min yaron da yay yi laihi in kore shi da hannuna. Amma ɗan shekara bakwai ba ya ɗaukam ma wani zunubi." Suka tashi ba sallama. Daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwarsa a masallaci.

Bai cika wata biyar ba bayan haka hawan jini ya kayar da shi a cikin aji. Muka kawo shi asibitin Talata Mafara, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ko arba'in ba a yi ba dattawan suka dawo, wannan karon wurina. Ni ɗan garin ne, gidana da gonata da matata duk a nan suke. Wani ya ce mini cikin ruwan sanyi, "Malam Bello, kai dai namu na." Na fahimci abin da ke ƙarƙashin maganar, tsoro kuma ya kama ni. Na ce su ba ni kwana uku. Da fensir ne da aikin minti biyar ne, amma biro ba ya goguwa, in kuma na ja layi a kan sunaye mai duba makarantu zai tambaya. Sai na sayo sabon littafi na kwafe rajistar gaba ɗaya da kyakkyawan rubutun nan nawa, ina zuwa kan sunan ɗan ruga in tsallake. Tsohuwar na kai ta gida na tura ƙarƙashin buhunan gero.

Ranar Litinin Hajo ta rako ƙannenta biyu, don a lokacin an daina barin yara su ratso fadama su kaɗai. Na tare su a bakin ƙofa na ce umarni ne daga sama, duk wanda sunansa ba ya cikin rajista ba zai shiga ba. Ta ce, "Malam, in gani." Na manta, wallahi na manta cewa ta iya karatu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta bi sunayen da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ba gaggawa, sannan ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Wagga ba ita ta ba. Rubutun Malam Haliru bai kai haka kyau ba." Ta kama hannun yaran suka juya. Kafin kaka rugar ta tashi, ba mu san inda suka nufa ba.

Mun zaci mun sayi zaman lafiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Shekara uku bayan nan mu ma muka kwashe abin da za mu iya ɗauka muka bar garin, wasu Bakura, wasu Maradun, mu muka yo Talata Mafara. Na ji an ce an kwance kwanon makarantar, awaki ma babu balle yara. Na ga dattawan nan da idona, waɗanda suka rage a raye, suna yawo da jikokinsu daga wannan firamare zuwa waccan ana ce musu aji ya cika, 'yan gudun hijira su dakata tukuna. Ban yi musu dariya ba, don nawa jikokin na cikin layin.

Nakan tambayi kaina me Malam Haliru zai ce da ya ga yau. Duk mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi, har mu malamai da muke cin albashin ta gwamnati. An bar ta gwamnatin ga wanda ba shi da zaɓi, su ma a cikinsu ana tankaɗe da rairaya: wannan ɗan gari, wannan ɗan ƙauye da ya gudo, wancan kuwa ba a ma son jin sunan mahaifinsa. Na san ba dogon jawabi zai yi ba. Zai tambaya ne wa ke riƙe da rajista, ya je ya zauna masa a ofis har sai an gaji da shi. Irin wannan naci ne ban da shi, ban kuma ga masu shi da yawa ba.

Watan jiya, ranar Talata, ina cikin kasuwa wajen masu shinkafa sai na ji an ce, "Malam Bello, ina wuni." Hajo ce. Na so ƙasa ta tsage in shige. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ba su da saniya ko ɗaya yanzu, mijinta ƙwadago yake yi a gonakin noman rani, suna zaune a bayan gari. Na yi ƙarfin hali na tambayi ƙannen nan biyu. Ta ce ƙaramin ya rasu a hanya shekarar da suka tashi. Babban kuwa ya fita wata rana bai dawo ba, ba ta san ko yana raye ba, ba ta kuma son ta san inda yake. Ba zan ce ƙofar da na tare ce ta kai shi inda ya tafi ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ba zan iya rantsuwa cewa ba ita ba ce.

Sai ta jawo wata yarinya daga bayanta, 'yar shekara bakwai, sunanta Dije. Ta ce, "Ɗiyata ta. Na koya mata baƙaƙe da gawayi, amma abin da ni sani ya ƙare. Makaranta ukku munka tahi, ko'ina sai a ce a dawo. Malam, kai ka san mutane." Ba ta ambaci abin da ya wuce ba ko da kalma ɗaya, hakan kuma ya fi zagi ciwo.

Washegari na kai su wata firamare da hedimastanta, Malam Sanusi, ɗalibinmu ne a garinmu, ajinsu ɗaya da Hajo. 'Yan bindiga ne suka kashe mahaifinsa a gona. Ya dubi Hajo, ya dubi yarinyar. Sannan ya ce, "Malam, ka san abin da iyaye za su ce min. Amma in na mayar da ita, da wane ido za ni kallon Malam Haliru gobe kiyama?" Ya rubuta ta. Na fito ina hamdala, ina ganin an gama.

Bayan kwana biyu na leƙa in ga yadda take. Ajin ya cika maƙil, yara har bakin allo, fiye da rabinsu a ƙasa suke zaune don benci bai isa ba. A tsakiyar wannan cunkoso ga benci guda na mutum uku, Dije ce kaɗai a kai, ta takure a gefe ɗaya ta bar sauran wurin ko wani zai zo. Malamar ajin ta ce mini ranar farko ta tilasta wa yara biyu sun zauna, da safe iyayensu mata suka zo suka ce in aka sake za su cire 'ya'yansu. Yaran ba su san komai ba, abin da aka faɗa musu a gida suke bi. Ban san abin da zan yi ba. Na cire hulata na ratsa ta cikinsu na zauna kusa da ita, ni da furfurata, har aka buga ƙararrawa. Da za mu fita ta ce, "Baba, gobe ma kana zakkuwa?" Na ce in Allah ya so.

In na auna abin da ya rage na Malam Haliru, ba shi da yawa. Ginin ya rushe, garin ya watse, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Abin da na gani da idona shi ne uwar da ta san 'yarta na da haƙƙi a makarantar gwamnati, ta ƙi gajiya da nema, da kuma marayan da ya ji kunyar mamaci fiye da yadda ya ji tsoron masu rai. Wannan ya isa ya buɗe wa Dije ƙofa, bai isa ya sa wani yaro ya matso kusa da ita ba. Shi Malam Haliru ya yi nasa ya tafi, ragowar aikin namu ne, mu kuwa mun makara da shekara goma. Allah ya gafarta masa, ya yafe mana.

Mako uku ke nan ina zuwa kowace safiya. Har yau mu biyu ne a kan bencin.