Sista Ja-Labule da Amanar Gado na Bakwai

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa ɗakin jinya na maza, jaka a kafaɗa, da baƙin takalmin nan nata da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Ba ta fara zama a teburin ma'aikata. Gado-gado take bi tana gaisuwa, ta taɓa goshi, ta duba ledar ƙarin ruwa, ta tambayi mai jinya ko an juya mara lafiya. Kuma kafin ta buɗe jikin mutum, ko da allura ce a dantse, sai ta ja labule ta kewaye gadon. Masu shara ne suka laƙa mata Sista Ja-Labule, likitoci suka ɗauka, sunan ya bi ta shekara talatin da biyu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni mai ba da magani ne a tagar da ke kallon ƙofar ɗakin, kuma na rantse ba zan bari ta sulale ta fita shiru ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai sakin fuska ce ba. Ina! In kana neman hira, nemi wani ɗakin. Mu da muke son jin ƙwaƙwaf mun sha kunya a hannunta. Ka tambaye ta me ke damun mutumin da aka kawo jiya a sume, sai ta kalle ka ta saman tabarau ta ce ba shi da lafiya, ta wuce ta bar ka da baki buɗe.

Mai sharar ɗakin ta ga ranar da wata ɗalibar nas ta zaro waya za ta ɗauki hoton ƙafar wani dattijo da ciwon suga ya ci, wai ta nuna wa ƙawayenta. Sista ba ta yi mata tsawa a gaban jama'a ba. Ta ja ta ɗakin ajiye kaya ta tambaye ta ko za ta so ta ga ƙafar babanta tana yawo a wayoyin mutane. Yarinyar ta fito idonta jawur. Yau ita ke riƙe da ɗakin haihuwa, kuma ko likita ba ya ɗaga waya a gabanta.

Wani mai kamfani kuma ya taɓa zuwa da tumbinsa da turarensa, yana son a gaya masa ciwon direbansa don ya san ko zai sallame shi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ce ya san shugaban asibiti. Sista ta nuna masa gadon ta ce ga mai ciwon can, da bakinsa. Direban ya warke, har yanzu in ya wuce ta ƙofar asibiti sai ya leƙo ya gaishe ta.

Duk wannan mai sauƙi ne, don baƙi ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo ƙaninta, autan gidansu, wanda ita ta goya shi. Saurayi ne mai gyaran fanka da firji, mai barkwancin da ko cikin zafin ciwo sai ya tsokani masu ba shi magani. Aka kwantar da shi a gado na bakwai. Ranar nan Sista ta roƙi a ba wata nas kula da shi, don ta san hannun ɗan'uwa rawa yake yi. Amma da sakamakon gwaji ya fito, shi da kansa ya ce a kira yayarsa ta tsaya a gefensa. Likita ya yi bayani ya fita. Ya riƙe mata hannu.

"Yaya, ke kaɗai. Ko Mama ban yarda ba."

Ta yi ta fama da shi kwana da kwanaki, tana nuna masa uwa ce, tana da hakkin ta shirya zuciyarta. Yana cikin hankalinsa sarai, ya ce ya ji, amma bai yarda ba. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ciwon nasa ne, sirrin ma nasa.

Mama kuwa kullum tana kan bencin baranda daga safe har yamma. Da farko a hankali take tambaya, daga baya da kuka. Ta ce ita ta haife su su biyun, da wane dalili 'yarta za ta san abin da ke cin ɗanta ita a bar ta a duhu kamar baƙuwa? Dangi suka sa baki. Ka san mutane, in ba a ba su labari ba sai su ƙera nasu. Wannan ya ce ciwo kaza ne, wancan ya ce ai abin kunya ake ɓoyewa. Ni kaina na tare ta a tagata na ce haba Sista, ko ƙaryata su ki yi mana, ki ce ba wannan ba ne. Ta ce in ta ce ba wannan ba ne, gobe za su zo da wani, kuma ranar da ta yi shiru sun gane. Na ji haushinta ranar, wallahi. Yanzu kunyar kaina nake ji.

Sati biyar ya yi. Wata Talata da hantsi ya cika, tana tsaye a kansa. Ita ta fita baranda ta durƙusa gaban Mama. Tsohuwar ba ta yi kururuwa ba, ta dai zare hannunta daga na 'yarta ta ce, "Ya tafi ko? To yanzu sai ki faɗa mini." Sista ta sunkuyar da kai ta ce ba ta da izini. Wanda zai ba ta izinin kuma ya riga ya tafi.

Tun daga ranar Mama ta daina taka gidanta. In ta je gaisuwa, a amsa mata a taƙaice kamar mai tallar da ba a son kayansa. Abincin da ta aika, a ba maƙwabta. 'Ya'yan Sista suka girma suna tambayar me ya sa kaka ba ta wasa da su kamar sauran jikoki. Shekara goma ana haka. Da buɗe baki sau ɗaya za ta iya sayen yardar uwarta, kalma biyu ko uku, kuma babu hukumar da za ta taɓa sani. Kullum da safe tana wuce gado na bakwai, ta gyara wa wanda ke kai matashi. Sau biyu na gan ta ta shiga ɗakin ajiye kaya ta daɗe, ta fito ta wanke fuska ta ci gaba da raba magani.

Sista, ke ce wadda aka zaga a gidan gaisuwar ƙaninki kika yi shiru. Ke ce kika ɗauki fushin uwa, abin da ya fi kowane dutse nauyi, don yaron da ba zai dawo ya ce na gode ba. Mai riƙon amanar mamaci, sannu da ƙoƙari.

Bara Mama ta kwanta. Duk 'ya'ya da jikoki suka yi ta zarya, amma jinya ta gaske sai wanda ya iya, dole aka kai ta gidan Sista. Abin da zan faɗa yanzu tsohuwar ce ta ba ni da bakinta, ta ce in rubuta. Wata safiya wani abu ya same ta irin wanda tsufa da ciwo ke jawo wa mutum, ba ta faɗa mini ko mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Sista ta rufe ƙofa, ta gyara ta tsaf, ta canza shimfiɗa. Kunya ta kama tsohuwar har tana hawaye, ta kama bakin zanen 'yarta ta ce kada ta gaya wa kowa, ko ƙannenta. Sista ta ce babu mai ji. Mama ta kalli rufin ɗaki.

"Haka shi ma ya ce miki?"

"Haka ya ce, Mama."

"To riƙe masa."

Ta ce mini ranar suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun shekara goma. Amma shekarun sun tafi, ba mai dawo musu da su.

Sista, mun gode. A madadin duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin nan ba shi da ƙarfin rufe jikinsa, mun gode, Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ku kuma yaranmu masu fararen kaya, da mu tsofaffin da bakinmu ba ya gajiya, mu ji tsoron Allah. Abin da mara lafiya ya nuna maka don ba shi da yadda zai yi, ba labarin teburin shayi ba ne, ko mai tambayar wane ne.

Mama ta haura tamanin. Ta san za ta bar duniya ba ta san abin da ya ɗauke mata auta ba, ga wadda ta sani tana ba ta magani a baki safe da yamma. Ba ta ƙara tambaya ba.