Rigar Wata Goma Sha Ɗaya

Wata rana, ana saura mako biyu a ɗauki azumin bara, jikana Jabiru ya ɗauko ni daga asibiti. Gwiwa na je aka duba min.

Muna hanya ya ce, "Tsohuwa, in na tsaya kai ki gida na makara. Mu biya wajen aikina, awa biyu kacal."

Na ce, "Wane aiki? Riƙe waya?"

Ya ce, "Riƙe wayar nan ce ta saya miki man zafin da ke cikin jakarki."

Bai kuwa yi ƙarya ba.

Ga wanda bai san shi ba, Jabiru shafi gare shi a intanet, na kayan maza zalla. Duk inda ake baje kolin shadda da yadi da huluna, ko wani tela ya fito da sabon ɗinki, yana can. Ya ɗauka, ya yi bayani, ya ɗora, dubban mutane su kalla. Teloli har roƙonsa suke ya leƙa shagonsu.

Ranar a wani babban ɗakin taro ake baje kolin, nan Kaduna.

Sanyi kamar cikin firji. Kiɗa har cikin haƙori.

Samari dogaye suna tafiya a kan dandamali ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke kamar an hana su abinci. Wani wandonsa ko idon sawu bai kai ba. Na ce yadin ne ya gaza? Jabiru ya ce yayi ne, don Allah in rage murya.

Na bar shi da aikinsa, na lallaɓa can baya neman wajen zama.

A kusurwar ƙarshe, daf da ƙofar da ƙarar janareta ke shigowa, na tarar da wani dattijo shi kaɗai. Tebur ɗaya a gabansa. A kan teburin abu ɗaya ne, an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

Ya matsa ya ba ni gefen bencinsa, muka gaisa. Sunansa Malam Barau, daga cikin birnin Zariya. Ɗinkin hannu yake yi, aikin babbar riga, tun yana yaro. Tabaransa kauri kamar gindin kwalba.

Na ce, "Malam, kowa ya baza hajarsa, kai ka lulluɓe taka. Gawa ka kawo?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Riga ce, Hajiya."

Ya dubi hannuwana, ya ga ba waya. Sannan ya ɗaga ƙyallen a hankali.

Jama'a, na ga riguna a rayuwata. Marigayi mai gidana ba ya sa babbar riga sai ta hannu. Amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Farar shadda ce, aikin da zaren tsamiya, sirikin gargajiyar nan. Ba zanen aska biyu ba ne, ba aska takwas ɗin da kowa ya sani ba. Zanen ya taso daga aljihu siriri, ya yi rassa, ya haura kafaɗa ya zuba ta baya, kamar yabanya bayan ruwan farko. Na juya cikin rigar ina neman ƙulli ko ɗaya, ban samu ba.

Ya ce, "Wata goma sha ɗaya. Ni na zana, ni na ɗinka. Kuma ita ce ta ƙarshe, don idon ya kusa tafiya."

Na ce to don me zai ɓoye ta a lungu?

Ya ce a sana'arsu sabon zane ba a nuna wa duniya shi sai mai rigar ya saka. Abin da mai kuɗi yake saya ke nan, ya shiga taro da abin da ba a taɓa gani a wuyan kowa ba. Bayan ranar, duk mai so ya kwaikwaya, ba laifi.

Ya ce jiya wani Alhaji ya gani, sun daidaita, gobe za a zo a ɗauka. Zai saka ta ranar ɗaurin auren 'yarsa, bayan Salla. Ya kuma yi alkawarin in rigar ta yi farin jini, shi da abokansa za su riƙa kawo aiki zauren Malam. Su huɗu suka rage a zauren, duk tsofaffi, kuma rabonsu da aikin kirki an daɗe.

Muna cikin haka Jabiru ya zo nemana. Idonsa ya faɗa kan rigar, ya tsaya cak. Hannunsa ya tafi aljihu.

Ya ce, "Baba, don Allah minti ɗaya kawai."

Malam ya mayar da ƙyallen. Ya ce, "A'a, ɗana. Ka gani da idonka, ya isa."

Yaron nan ya mayar da wayarsa aljihu. Ku riƙe wannan. Bai yi musu ba.

Aka kira Azahar. Malam ya miƙe, ya ce, "Hajiya, ga amana, in yi salla in dawo."

Na ce, "Je ka, Malam, ba abin da zai taɓa ta."

Jabiru zai bi shi, na riƙe masa hannun riga.

Ga abin da ke raina a lokacin. Mu mutanen da, in ka miƙa mana abinci cewa muke mun ƙoshi, ko da cikinmu na kuka. Sai an matsa, sai an ce don Allah sau uku. Na ɗauka irin wannan a'ar ce. Na dubi yaran da inji ke yi musu ɗinki, jama'a sun yi musu caa. Na dubi bawan Allah nan, kwana biyu a bakin janareta ba mai ko tsayawa. Tausayinsa ya cika ni.

Na ce, "Ɗauka."

Ya ce, "Kaka, ya ce a'a."

Na ce, "Kunya ce. Kai ka san waya, ni na san tsofaffi. Ɗauka, alhakin a wuyana."

Da hannuna na ɗaga ƙyallen.

Da hannuna na shafe rigar ta kwanta, don kowane layi ya fito sosai.

Ya ɗauka kusa da kusa, daga aljihu har baya. Muka mayar muka rufe.

Malam ya dawo, ya yi min godiya, ya ciro goro daga aljihu ya ba ni.

Na karɓa.

Da yamma Jabiru ya ɗora, da sunan Malam da lambarsa, wadda ya kwafa daga jikin kwalin da ke kan teburin. Kafin gari ya waye bidiyon ya wuce duk abin da ya taɓa ɗorawa. Ni kuwa har a islamiyya sai da na ba da labari, wai na taimaki wani tsoho.

Abin da ban sani ba shi ne yadda masu ɗinkin kwamfuta ke aiki.

Ba sa bukatar rigarka. Hoto mai kyau ya ishe su. Su tsayar da bidiyo, su bi layin zanen su kwafe, su zuba wa inji. Abin da ya ci wata goma sha ɗaya, injin ya fitar da shi kafin a sauke tukunyar rana.

Jabiru ya san ana yi. Ya ɗauka wannan ya fi ƙarfinsu.

Bai fi ba.

Azumi na da kwana goma na shiga kasuwa sayen kayan miya, na bi ta layin teloli. Na ga zanen a rataye. Na matsa gaba na sake ganinsa. A kan shuɗi, a kan ruwan toka, a kan kaftanin yara 'yan shekara uku. Da wani zare mai ƙyalli kamar ledar alawa.

Na tambayi wani tela, "Wannan aikin na wane ne?"

Ya ce, "Na kowa ne, Mama. Shi ake yayi bana. Jikoki nawa za a yi wa?"

Na koma gida ko kayan miyan ban saya ba.

Jabiru ya goge bidiyon a ranar. Goge me? Ya riga ya shiga wayoyi dubu. Ya kira Malam ya fi sau ashirin, ba a ɗauka.

Ranar Salla, a hanyar Idi, har a jikin mai rake na ga zanen.

Jabiru, yaron da ba ya zama, sai ga shi kwance a ɗaki, ko buɗa-baki sai na yi faɗa yake ci. An gayyace shi wani baje koli a Abuja, ya ce ba shi da lafiya.

Bayan Salla da mako guda na ce, "Tashi ka kai ni Zariya."

Da tambaya muka gano zauren.

Tabarmi huɗu a shimfiɗe, mutum ɗaya a zaune. Wani maƙwabci ne ya tare mu a waje ya ba mu labari. Alhajin ya dawo da rigar. Direbansa ne ya zo yi masa barka da Salla sanye da irinta ta inji. Da aikin da aka sa rai bai zo ba, sauran tsofaffin suka watse. Ɗaya ya samu gadi a wata makaranta, biyu suna gida.

Malam Barau yana bakin ƙofa, inda haske ya fi. Rigar a kan cinyarsa, ya kawo ta daf da hancinsa. Reza a hannunsa.

Farke aikin yake yi.

Kafaɗa ɗaya ta riga ta tafi. Sai ƙananan hujojin allura a jikin shaddar, da zaren da ya nannaɗe a wani guntun kara.

Muka yi sallama, ya amsa, ya sa aka kawo mana ruwa. Na kasa sha.

Na ce, "Malam, ni na ɗaga ƙyallen. Yaron nan ya ƙi, ni na sa shi."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. An nuna min. Hannunki ya fito a ciki."

Na ce, "To ita rigar me ta yi maka?"

Ya ajiye rezar.

Ya ce, "Da aka dawo da ita na kai ta kasuwa, ko za a samu mai so. Wani matashi ya ɗaga ta, ya juya, ya ce, 'Baba, ka yi ƙoƙari. Kaɗan ya rage ka kamo na inji.'"



Ya ce, "Tsamiyar ta yi wuyar samu yanzu, akwai mai so. Shaddar ma in an wanke an buga, za a yi wa wani 'yar shara."

Jabiru ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Baba, zan yi sabon bidiyo. Zan gaya wa duniya kai ka zana."

"Ka gaya musu, ɗana. Sai su tuɓe?"

"To ka zana wani. Wallahi ni zan nemo mai saye, ba wanda zai gani."

Malam ya cire tabaransa. Idon dama ya yi fari fat, na hagu yana ta ruwa.

Ya ce, "Da wanne?"

Na buɗe jakata. Ya ji ƙarar zif ɗin, ya ɗaga min hannu. Ya ce in rufe, ba bara yake yi ba.

Na ce, "To ka yafe min, don girman Allah."

Ya ce, "Na yafe tun ranar da na gani. Alheri kika nufa."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ya mayar da tabaran, ya ɗauki rigar, ya yi ta lalube da ɗan yatsa. Ya daɗe yana lalube. Can ya miƙa wa Jabiru gefen wuyan.

Ya ce, "Ɗana, idonka sabo ne. Duba min bakin zaren nan, ya ɓace min."

Jabiru ya dube ni.

Sannan ya sunkuya, ya nemo bakin zaren, ya sa masa a hannu.

Malam ya ce, "Madalla."

Ya ja.

Darasi:

In mutum ya ce maka a'a a kan abinsa, a'a ce. Ba kunya ba ce, ba ƙauyanci ba ne. Shi ya san sana'arsa, kai baƙo ne a cikinta ko da furfura ta cika maka kai.

In an ce maka ga amana, zauna ka tsare. Ba a ce ka gyara ba, ba a ce ka taimaka ba.

Ku masu yawo da waya a wajen biki da kasuwa da baje koli, ku tambaya kafin ku ɗauka, in an hana ku haƙura. Mu kuma tsofaffi mu daina cewa alhakin a wuyanmu. Na faɗa, kuma ba wuyana ya ɗauka ba. Tsofaffi huɗu ne suka ɗauka.

Ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa ba ya rabuwa da waya, ku tura wa iyayensa ma. Masu tambayata hoton rigar a akwatin saƙo, ku daina. Ba ni da shi, kuma rigar babu ita.